Salkar Numfashin Uwani

Ku gyara zama ku ji abin da ya sami Sallau mai kwanuka, mutumin Malumfashi, wanda ya hau rufin duniya don ya ɗebo wa 'yarsa numfashi.

Can a ƙasar Tibet, sama da inda tsuntsu ke gajiya ya juyo, akwai wani birni da ake kira Namzon. Ba ya cikin taswira, kuma babu motar da ke zuwa. Mazaunansa aljanu ne masaƙa, sai dai ba zare suke saƙawa ba. Iska suke saƙawa, sabuwa fil, wadda ba ta taɓa shiga ƙirjin kowa ba. Duk wanda ya shaƙi salka guda ta wannan iska, ƙirjinsa ba zai ƙara toshewa ba har ya tsufa.

Sallau bai san da wannan ba sai ranar da ya farke wani kwalin kwanuka da ya saro daga ƙasar Sin. Tsakanin kwano da kwano ya tarar da wani farin ƙyalle, tsawonsa kamu uku, yana ɗagawa yana sauka shi kaɗai kamar cikin jariri mai barci. Da wani ne jefarwa zai yi ya gudu. Sallau kuwa tsayawa ya yi yana kallon yadda ƙyallen ke numfashi a sauƙaƙe, har ƙwalla ta cika masa ido, domin ya daɗe bai ga irin wannan numfashi a gidansa ba.

'Ya'ya huɗu Allah ya ba shi da matarsa Indo. Uku sun koma, duk da ciwo ɗaya: ƙirji ya riƙe, numfashi ya riƙa fita da kuka kamar tsohuwar ƙofa, leɓɓa su yi baƙi, shi ke nan. Saura Uwani, 'yar shekara tara, mai sunan mahaifiyarsa marigayiya. Ita ma ta fara. An yi na asibiti, an yi na gargajiya. Abin shaƙar da likita ya ba ta, da can yakan riƙe ta kwana biyu, yanzu ba ya kai ta azahar.

Ya kai ƙyallen gida ya shimfiɗa mata a ƙirji. Kwana uku Uwani tana guje-guje a tsakar gida tana korar kaji, Indo na bin ta da ido. Rana ta huɗu ƙyallen ya kwanta laƙwas, kukan ƙirji ya dawo. Da Sallau ya ɗaga shi sai wata siririyar murya ta fito daga cikinsa, ta ce, "Abin da aka saƙa a jikina ya ƙare. In kana son wanda ba ya ƙarewa, rataya ni a wuyanka, ka bi inda zan ja ka."

Indo ta ce, "Malam, a haka za ka tafi ka bar mu?"

Ya ce, "Na zauna wa ukun farko, Indo. Kin ga abin da zaman ya yi musu."

To, akwai abin da ya kamata ku sani game da Sallau. Duk Malumfashi babu mai tsawon gaisuwarsa. In ya tare ka, sai ya tambayi gajiyarka, da gidanka, da yaranka ɗaya bayan ɗaya kowa da sunansa, da ƙafar tsohuwarka, da akuyar da ya ji ta ɓace maka bara. Amininsa Tanimu tela yakan ce, "In ka hango Sallau ana kiran salla, sake hanya, in ba haka ba sai ka tarar an sallame." Uwani ta san halin ubanta. Da ya durƙusa gabanta yana ban kwana, ta yi murmushi, ta ce tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "Baba, kada ka tsaya gaida kowa a hanya. Ka dawo da wuri."

Ya yi dariya ya ce ya ji.

Ya hau jirgin sama zuwa Sin. A can ya gane biza kaɗai ba ta shigar da baƙo tudun Tibet, sai da wata takardar izini daban, ita ma ta cinye masa kwanaki. Daga nan jirgin ƙasa, kwana biyu yana hawa ba ya sauka. A rana ta biyu ledar biskit ɗinsa ta kumbura ta fashe da kanta, biron aljihunsa ya amayar da tawada, fasinjoji suka sa roba a hanci suna zuƙar iska daga jikin bango. Ta taga babu gona, babu bishiya, sai jan dutse da ƙanƙara.

Ya sauka a babban birnin mutanen tudun, mai fararen gidaje da baƙaƙen tagogi. Rana tana ƙuna kamar a bakin maƙera, iska kuwa tana yanka kamar aska. Ƙyallen ya ja shi lungu-lungu har gidan saukar baƙi na wata tsohuwa mai suna Dolkar, mai dogayen kitso biyu da fuska kamar busasshen dabino. Muddin ƙyallen na wuyansa, yana jin harshenta, tana jin nasa.

Ya rusuna ya fara, "Barka da yini, Iya. Ina gajiya? Ya gida, ya yara, ya aka ji da sanyi, ya ƙoƙarin..." Bai kai rabi ba duhu ya rufe masa ido, ya ji shi zaune a ƙasa yana haki.

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ka gama?"

Ya gyaɗa kai yana haki.

"A nan kan tudu gaisuwa kalma biyu ce, ɗan ƙasa, mutumin gangare. Sauran ka adana, za ka neme su." Ta dubi ƙyallen da ke wuyansa, fuskarta ta canja. "Na san inda za ka. Kai ne na biyar da na gani da irin wannan. Kwana uku ba za ka fita ƙofar nan ba."

"Iya, 'yata ba ta da kwana ukun da za ta ba ni."

"In ka mutu a kan dutse, kwana nawa za ka ba ta?"

Ta miƙo masa ƙoƙon katako cike da wani shayi mai man shanu da gishiri. Ya miƙa hannun dama, ta janye. "Da hannu biyu ake karɓa." Ya karɓa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Iya, wannan shayi ne ko miya?"

"Sha dai. Shi zai hana leɓɓanka tsagewa. Ka yawaita ruwan ɗumi, ka rage ciki, ka yi tafiya kamar kakanka. Kada ka ɗauki kaya mai nauyi. Kada ka yi wanka."

"Wanka kuma?"

"Sanyi ya kama ka a garinku, ka yi atishawa ka warke. A nan kuwa a huhu yake sauka. In addininka na son ruwa, ka ɗumama, ka wanke inda ya zama dole."

Sallau ya yi kwana biyu yana bin maganarta. Rana ta uku ta faɗo Juma'a, shi kuwa tunda ya balaga bai taɓa barin wankan Juma'a ba. Ya faki idon tsohuwa ya watsa ruwan sanyi. Yana fitowa wayarsa ta yi ƙara ta yanke, ya ga lambar Indo ce, ya haye matakalar soro da gudu don ya sami inda za a ji shi. A can Dolkar ta tsince shi a kife. Kansa na sara kamar ana faskare a ciki, faratansa sun yi shuɗi, yana tari da kumfa ja-ja.

Ta ɗura masa romon tafarnuwa, ta kafa masa kwalbar iska a hanci, tana yi tana faɗa. "Wankanka ya ƙara maka kwana biyu. Da kumfar nan ta ƙaru, a mota zan sa ka a mayar da kai ƙasa, don wannan ciwo ba shi da magani sai sauka. Me matar taka ta ce?"

Ya ce da ƙyar, "Yarinyar ta daina iya kwanciya. A zaune take barci."

Tsohuwa ta gyara masa kwalbar iskar. Daga nan ba ta ƙara yi masa faɗa ba.

Rana ta shida ta shirya shi. Ta ba shi baƙin tabarau don hasken ƙanƙara yana makantarwa, da garin sha'ir soyayye da zai riƙa damawa, da wani baƙin sa mai gashi har ƙasa, irin wanda suke kira yak. Ta raka shi yini guda har wata gajeriyar bishiya karkatacciya da ke tsaye ita kaɗai a gindin dutse.

Ta ce, "Wannan ce bishiyar ƙarshe. A nan zan kafa tanti in jira ka. Ji sauran. Kada ka taka dokin ƙofar kowa, tsallakewa ake yi. Kada ka nuna komai da yatsa. Duk gini ko tarin duwatsu da ka ga ana kewayawa, ka bar shi a hannunka na dama, ka bi inda ake bi."

"Mutum huɗun da suka riga ni fa?"

"Na jira su a nan."

Ya hau. Ya wuce wani tafki mai bakin gishiri, ruwansa garau, a ƙarƙashinsa fuskokin mutane ne birjik, kowa baki buɗe. San ya ƙi sha, shi ma bai sha ba. Ya ratsa wani kwari inda duwatsu ke amsa takunsa da ƙarar tasa, har haƙoransa suka riƙa zafi. Kowane taku goma sai ya tsaya ya nemi iska, ya ja, ya ji kamar ya kurɓi ƙoƙon da babu komai a ciki. Duk tsayawar da zai yi, Uwani yake gani zaune ta jingina da bango, ya ce a ransa ashe haka take ji kullum.

A ƙoƙuwar dutsen akwai wata mashiga da aka ɗaure da tsummoki kala-kala suna kaɗawa. Nan ungulaye suke, a tsakiyarsu sarkinsu, tsayinsa ya kai rumbu. San ya toge, ya ƙi gaba.

Sarkin ungulu ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce, "Ya kai ɗan Adam, da ƙafarka ka zo, ko kawo ka aka yi? Mu waɗanda ake kawowa muke karɓa."

"Ranka ya daɗe, da ƙafata na zo."

"To ba ka zama namu ba tukuna. Waiwaya ka ga abin da ka wuce."

Sallau ya waiwaya. Gefe da gefen hanyar da ya biyo, wasu mutane ne zaune a jere, sirara kamar hayaƙi, bakunansu a buɗe. Bai gan su ba da yana hawa.

"Su wane ne waɗannan, ranka ya daɗe?"

"Matafiya ne da numfashi ya ƙare musu a hanya. Mun cinye naman, ƙishin iskar ya rage. Mai hawa ba shi da abin da suke so, shi ya sa suka ƙyale ka. Sai ka juyo. Wuce, na riƙe fuskarka."

Ya bar san a nan, ya bi ta mashigar, sai ga Namzon. Ganuwarsa shuɗiyar ƙanƙara ce. A tsakiyarsa wani gini ne mai tsawo, daga cikinsa ƙarar masaƙa dubu ke tashi, hanya ɗaya kuma ta kewaye shi. Aljanu na ta zagawa a kanta, dogaye, ƙirazansu kamar ganguna, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa.

Sallau ya taɓa sauke farali. Da ya ga taro na kewaya gini, kansa kuma na juyawa don rashin iska, ƙafarsa ta yi abin da ta saba a ɗawafi, ta sa ginin a hagunsa. Taku bakwai ya yi. A na bakwai masaƙan suka tsaya cak, birnin ya yi tsit, ya ji wani abu a ƙirjinsa na hagu ya naɗe kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Wani aljani mai sandar ƙanƙara ya tsaya gabansa ya ce, "Ya kai ɗan ƙasa, da taku bakwai ka warware saƙar yini guda."

Sallau ya zube ya ce, "A gafarce ni. An faɗa mini, na manta. Ƙafata ce ta bi abin da ta koya a wani ɗaki mai alfarma."

"Mun san ɗakin, muna kuma girmama shi. Amma zaren da ya warware, daga ƙirjin wanda ya warware shi ake mayarwa. An ɗauki huhunka na hagu. Juya ka bi inda ake bi."

Ya juya, ya bi ayari da huhu ɗaya, ya tsallake dokin ƙofa, aka kai shi gaban Uwar Masaƙa. Tana zaune a bakin wata masaƙa da ba a ganin zarenta sai walƙiya. Idanunta farare ne tas, gashin kanta kuma sama yake kwarara.

Ta ce, "Mun jefa ƙyallaye cikin kayan fatake don su kira masu bukata. Faɗi taka, ka taƙaita."

A karo na farko a rayuwarsa Sallau ya tsallake gaisuwa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yata. Shekararta tara. Ita kaɗai ta rage."

Ta miƙa hannu ta ciro wata salka daga ƙarƙashin masaƙa, a cike tam, amma ba ta kai nauyin gashin kaza ba.

"Me zan bayar?" in ji shi.

"Mu ba ma sayarwa. Hanya ce ke karɓar nata. Saurara, ɗan Adam. A wannan tudu babu igiyar da ke ɗaure bakin salkar nan. Da haƙoranka za ka riƙe shi, leɓɓanka a rufe, daga fitowar rana har ka kai bishiyar farko. A can iska na da nauyi, ɓawon bishiyar zai ɗaure ta. In ka buɗe baki, ta tafi. Kada ka zuƙa, ba taka ba ce. Kada kuma ka hura, domin abin da mai rai ya hura a cikinta yakan zama irinta, amma ba ya komawa ƙirjin mai shi har abada."

"Salla fa, ranki ya daɗe?"

"Ubangijinka yana jin zuci."

Rana na fitowa ya cije bakin salkar ya kama hanya. Sarkin ungulu ya bi shi da ido. San ya shige gaba, Sallau na biye.

Bai yi nisa ba mutanen hayaƙin suka miƙe. Da Hausa tsantsa suka fara. "Sannu da hanya, bawan Allah." "Barka da sauka." "Maraba, maraba." Harshensa ya motsa da kansa, ya danne shi da haƙori har ya ji ɗanɗanon jini. Ya wuce.

A kwarin duwatsu masu ƙara muryoyin suka zama na sani. Ga Tanimu tela zaune bisa dutse da awo a wuya. "A'a, Sallau, ni za ka wuce? Don ka je Sin sau nawa?" Ga malaminsa na allo da ya rasu tun yana saurayi, ya yi masa cikakkiyar sallama, ya maimaita, sannan ya ce, "Haka na koya maka? Ana yi maka sallama kana shiru?" Sallau ya amsa a zuci, hawaye na daskarewa a gemunsa. Ya ɗaga hannu, ya wuce. Muƙamuƙinsa ya ƙage, miyau na zuba a rigarsa yana zama ƙanƙara, huhun nan ɗaya na ja ta hanci kamar zugazugin da ya huje.

La'asar sakaliya ya wuce tafkin gishiri. Daga nan ya hango bishiyar can ƙasa, da ɗan hayaƙin tantin Dolkar. Muryoyi duk sun ɗauke. Ya ce a ransa ya tsira.

Sai ya sha wata kwana, ya tarar da Inna, mahaifiyarsa.

Tana zaune a gefen hanya da shuɗin zanenta, faifai a cinya, tana tsintar wake kamar yadda ya bar ta ranar da ya tafi saro kaya shekara goma da suka wuce. A waccan tafiyar ta rasu. Sai bayan sadakar bakwai ya dawo, bai ga ko likkafaninta ba.

Ba ta kira shi ba, ba ta yi masa gori ba. Ta ɗago kai kawai ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. Ka rame."

Ya tsaya. Waken na zuba a faifai, amma ba a jin ƙararsa. Ya daɗe yana kallon waken.

Ta ce, "Ya jikin takwarar tawa?"

Sallau ya tuɓe takalmansa a kan ƙanƙara, ya durƙusa, ya ce, "Da sauƙi, Inna. Mun same ku..."

Salkar ta faɗo daga bakinsa tana huci. Fuskar Inna ta tsage ta zama baki kawai, mutanen hayaƙi suka taso daga kowane dutse suka rufar mata suna zuƙa. Ya faɗa cikinsu, sanyinsu na ratsa ƙashinsa, ya damƙo salkar ya cije bakinta, ya rarrafa, ya miƙe, ya gangara ba takalmi. Bai waiwaya ba.

Rana na gab da faɗuwa ya iso bishiyar. Dolkar ta ɓare ɓawo ta ɗaure bakin salkar, sannan ta ɓamɓare masa haƙora da yatsa. Ta ɗaga salkar. Ta yi yaushi, abin da ke ciki bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ta ce, "Kai ne na farko da ya dawo. Wa suka zo maka da shi?"

"Mahaifiyata."

Ta gyaɗa kai. Ta matsa salkar a hankali. "Wannan zai kai ta shekara uku. Wataƙila huɗu."

Sallau ya zauna ya yi lissafi. Shekara goma sha uku. Babbar yayarta ma a nan ta tsaya. Ya tuna yadda Indo ke zuba cokali ɗaya na tsohon nono a sabuwar madara, kafin safe duk ƙwaryar ta kama. Ya tuna gargaɗin Uwar Masaƙa na ƙarshe. Ya miƙa hannu biyu.

"Ba ni, Iya."

Dolkar ta ɓoye salkar a bayanta. "Huhu ɗaya gare ka, ɗan ƙasa. Na ji yadda kake ja."

"Shekarata arba'in da bakwai. Na yi magana ta ishe ni. Ke da kanki kin ce ta yi yawa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Iya, tunda na zo ban gaishe ki yadda ya kamata ba. Ki bari in yi, sau ɗaya."

Ya gaishe ta a hankali, yana hutawa, tun daga gajiya har gida, har sanyi, har ƙafafunta da suka hawo dutse saboda baƙon da ba ta haɗa komai da shi ba. Ta tsaya ta amsa duka, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta miƙa masa salkar ta juya baya.

Ya kwance ɓawon, ya kafa baki, ya hura. Ya huta, ya hura. Kowace hurawa sai ya ji wani abu ya bar ƙirjinsa ya bar gurbi. Bai daina ba sai da salkar ta yi tam kamar yadda aka ba shi. A kan san Dolkar ta ɗora shi ta sauko da shi kamar buhu.

Ranar da ya isa gida, Uwani na jingine da bango, leɓɓanta sun fara baƙi. Ya durƙusa ya sa mata bakin salkar. Ta zuƙa, ta zuƙa, har salkar ta lafe. Kukan ƙirjin ya tsaya. Ta ja numfashi mai tsawo, ta sake shi, ta dubi uwarta ta ce tana jin yunwa. Indo ta faɗi ta yi sujada. Da ta ɗago ta ce, "Malam, sannu da hanya. Yaya ka baro su?" Sallau ya buɗe baki, ya ce, "Lafiya," ya dafa bango.

Daga ranar abin da ya rage masa bai wuce kalma goma a yini ba. In ya ƙara, sai ya faɗi. Ya riƙa tafiya kamar tsoho, yana bin gefen hanya. Mutane su gaishe shi, ya ɗaga hannu. Da fari aka ce gajiya ce, daga baya aka ce kuɗin Sin ne suka hau masa kai. Tanimu tela ya zo sau uku, ya zauna ya yi ta zuba shi kaɗai. A na ukun ya kaɗe rigarsa ya ce, "In na yi maka laifi ka faɗa mini, Sallau. Shekara talatin ba wasa ba ce." Sallau ya riƙe hannunsa ya ce, "Babu." Tanimu ya jira sauran, bai ji ba, ya tafi.

Ya iya rubutun boko daidai gwargwado, da ya so da ya rubuta musu dalili. Bai yi ba. Ba ya son wata rana wani ya dubi Uwani ya faɗa mata numfashin wa take ja.

Ita ce ta koma zaman shago tare da shi bayan makaranta, tana amsa masa gaisuwa. Ta kuwa gaji ubanta. Takan tambayi gajiya, da gida, da yara kowa da sunansa, duk a numfashi ɗaya. Shi kuma yana daga ciki tsakanin kwanuka, ido a rufe, yana sauraron ko zai ji wannan kukan a ƙarshen maganarta. Bai ƙara ji ba.

A damina ta uku Sallau ya rasu, da hantsi, a zaune. Bayan an share makoki Indo ta buɗe akwatinsa, ta tarar da farin ƙyallen a naɗe da wani yankin kwali da ya yi rubutu a bayansa. Ta miƙa wa Uwani, ita kuma ta karanta mata a bayyane, tiryan-tiryan ba ta tsaya ba:

"Ga duk uban da ƙyalle ya kira. Ka nemi takardar izini tun kana ƙasa. In ka isa, ka zauna kwana uku ko da zuciyarka na ci. Kada ka yi wanka ko ranar Juma'a ce, ka ɗumama ruwan alwala. Ka sha shayinsu da hannu biyu, ba daɗi amma yana da amfani. Ka rufe idonka da baƙin tabarau. In ka ga kumfa a tarinka, sauka. Ka bar gininsu a damarka, ka kula da ƙafarka in ka taɓa zuwa Makka. Ka rage gaisuwa. In kana saukowa za ka ga mahaifiyarka a bakin hanya. Ba ita ba ce. Ni ma na san ba ita ba ce tun kafin in durƙusa."